Furen Mudan da Gaisuwar Benen Sama

Ni mutumin rairayi ne. A ƙauyenmu da ke bayan Sule Tankarkar, in ka cire tankin ruwa da kukar bakin kasuwa, babu abin da za ka ɗaga kai ka kalla. Tudun da muke taƙama da shi, jaki na hawansa bai ma san ya hau ba. Amma ni ɗin ne Allah ya ɗauka ya jefa cikin duwatsun kudu maso yammacin ƙasar Sin, wai in je in auna ganyen fure.

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gumel gurbin karatun ya faɗo, na digirin dokta a fannin rarrabe tsirrai. Hutun karatu bai samu ba, sai na ajiye aikin ɗungurungum, na kai matata Hadiza da yara gidan Baba, na kama hanya. Saboda haka tun ranar da na sauka na san matsayina: ko in koma da digirin nan, ko in koma ba aiki ba karatu.

Zangon farko wani birni ne mai yawan ruwan sama, inda cibiyar binciken take. Kallo kam na sha shi. A cikin bas sai ka ga an ɗago waya ana ɗaukar ka hoto, ba sallama ba neman izini. Wata tsohuwa ta taɓa kamo hannuna ta murza da yatsa, sannan ta duba yatsan ta ga ko ya yi baƙi. Abinci kuwa, har ganye da man alade suke soya shi. Na yi ta fama da dafaffen ƙwai da burodi har wandona ya fara zamewa. Allah ya haɗa ni da wata mata Musulma 'yar ƙasar, mai shagon taliya a wani lungu. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce na gaisuwa ba, amma da na yi sallama ta amsa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kullum sai ta ƙara min nama a ƙasan kwano, ta lulluɓe da taliya don kada sauran masu ci su gani.

Furen da ya kai ni, su suna ce masa mudan, Turawa kuma fiyoni. Na lambu manya ne, kowane fure kamar kan kabeji, suna ji da shi ba kaɗan ba. Ni na daji aka sa ni, wanda ke fita shi kaɗai a tsaunuka: ɗan guntun itace ne da bai wuce ƙirjin mutum ba, furensa kamar tafin hannu, yana sunkuyar da kai ƙasa. Tambayar da masana suka shekara suna cacar baki a kanta ita ce, jinsi nawa ne? Wasu sun ce mai ja daban, mai rawaya daban, mai siririn ganye daban, kowanne da sunansa. Wasu sun ce duk abu ɗaya ne, kala ce kawai ta bambanta.

Malamin da aka ba ni, ba zan kama sunansa ba, Oga nake ce masa a raina. Shi ɗan rabawa ne, cikin masu cewa kowanne jinsinsa daban. Ranar da na fara shiga ofishinsa bai tambaye ni abin da na karanta ba, kafaɗuna ya duba, ya ce wa wanda ke kusa da shi, "Wannan zai iya ɗaukar kaya." Burinsa a duniya shi ne wani mudan mai rawaya da siririn ganye da ya gani a wani kwari, yana so ya tabbatar sabon jinsi ne, ya raɗa masa suna. Aikin digirina kacokan a kan wannan aka ɗora shi: in tattaro samfura, in auna, in nuna ya bambanta da sauran.

A benen sama kuwa, inda ake ajiye busassun tsirrai cikin manyan durowoyi, akwai wani tsohon farfesa, fari fat da furfura, yana dogara sanda. Shi ɗan haɗawa ne, cikin masu cewa duk jinsi ɗaya ne. Da na tambaya aka ce min ai shi ya koyar da Oga, a hannunsa ya yi nasa digirin. Na ce to, ashe kakana ne a ilimi! A garinmu ɗalibi ba ya wuce ƙofar malamin malaminsa bai rusuna ba, wanda ya yi haka an dinga nuna shi ke nan da baki. Washegari na hau, na ƙwanƙwasa, na rage tsawo na gaishe shi. Dattijon ya kalle ni ta saman tabarau kamar ya ga aljani, sannan ya yi murmushi ya nuna min kujera, ya zuba min shayi. Daga nan ya zama min al'ada, duk mako sai na leƙa.

Ni dai na san shi da Oga ba sa ga maciji da juna. To ina ruwana? A gidanmu ma Baba da ƙanensa sun daɗe ba sa magana a kan gona, amma ban taɓa fasa gaida Baffa ba, Baba kuma bai taɓa hana ni ba. Faɗan manya daban, gaisuwar yaro daban.

Akwai wata ɗaliba a ɗakin bincikenmu, Lili, yarinya mai kirki, ita ke taimaka min da fassara. Wata rana ta tare ni a matakala.

"Sabi," ta ce, don ba ta iya cewa Sabi'u, "me kake zuwa yi sama?"

"Gaisuwa."

"Me kake nema a wurinsa?"

"Ba na neman komai. Babba ne."

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "A nan ba a zuwa wurin mutum haka kawai. Ka daina hawa. Ana gani."

Na yi dariya na ce, "Haba Lili, a gani mana, sata na je yi?" Ta girgiza kai ta wuce, ba ta ƙara tayar min da maganar ba.

Da lokacin fure ya zo muka ɗau hanyar duwatsu, ni da Oga da ɗalibai biyu maza da direba. Wannan shi ne zango na biyu, kuma ba na yi wa maƙiyina fatansa. Titin yana nannaɗe da dutse, gefe guda bango, gefe guda rami wanda ba ka ganin ƙarshensa. Na yi amai har na rasa abin amarwa. A wani ƙaramin gari mai masauki ya leƙo ya gan ni, ya ce ba ya karɓar baƙon waje. Na ɗauka Oga zai ce to mu nemi wani wurin. Ina! Ya karɓi makullan ɗakunansu, ya ce da ni ai dama ana bukatar mai kula da kayan da ke cikin mota. A motar na yi ta kwana duk tsawon zamanmu a garin, cikin allunan matse tsirrai da tsofaffin jaridu, sanyi yana huda ni har ƙashi.

Inda mota ta tsaya, ƙafa ta karɓa. An yi hayar alfadari ɗaya, ya ɗauki jakunkunansu, allunan kuwa a bayana aka ɗaura. Ni da na saba tafiya daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Maigatari ban ji komai ba, sai ga ni ina taku kaɗan in tsaya in nemi numfashi, kaina yana sarawa, kunnena yana ƙara. Matsattsaku kuma ga su nan a ciyawa, sai dai ka cire takalmi ka tarar safa ta jiƙe da jini. In na tsaya salla ba sa jira na, sai na idar in bi sawu da kaya a baya. Ɗaya daga cikin ɗaliban har wasa ya mayar da ni, in ya ga na faɗi sai ya ce, "Ai an ce mutanen Afirka ƙarfi gare su."

Wata tsohuwa ce a wani gidan dutse ta ji tausayina. Ta ganni zaune ina kakkaɓe ƙafa, ta kawo min gasasshen dankalin turawa daga cikin toka da shayi mai man shanu da gishiri. Ƙanshin man nan ne ya karya ni. Nan take na ga Inna zaune bakin murhu tana yanko man shanu tana sa min a tuwon gero. Na juya baya na yi kukana, ƙato da ni. Tsohuwar ta ƙara min dankali.

Sai ga kwarin. Kai, Allah mai halitta! Gangaren gaba ɗaya mudan ne, daga bakin rafi har inda duwatsu suka tsaya. Akwai mai rawaya kam, irin wanda Oga ke so. Amma dab da shi ga ja wur har ya yi duhu, ga mai ruwan lemo, ga rawaya mai ɗigon ja a tsakiya, ga wanda bakinsa kawai ya yi ja. Ganyen ma haka, wani siriri, wani mai faɗi, wani tsaka-tsaki, ba inda za ka ja layi ka ce daga nan wannan ya ƙare wancan ya fara. Ni dai abin da ya zo min a rai akuyar Inna ce, wadda ke haifar ja da fari a ciki ɗaya.

Oga ya bi da sandarsa yana nunawa. "Wannan. Wancan. Wancan ma." Duk masu rawaya tsantsa da siririn ganye.

Na ce, "Farfesa, sauran fa? Ai masu ruwan lemon sun fi yawa."

"Gauraye ne, ba su da amfani."

"Na ga kamar in muka auna su duka..."

Ya juyo ya dube ni. "Na kawo ka ne ka ɗauki kaya, ka auna abin da na ce ka auna. Ra'ayi sai ka samu digiri."

Na yanko abin da ya nuna, na shimfiɗa a jarida, na matse a allo, na rubuta abin da ya ce. Ban saɓa masa ko da ganye ɗaya ba. Abin da kawai na yi na kaina, na ɗauki hotunan gangaren da wayata, saboda Hadiza. Kullum a waya sai ta tsokane ni wai na bar ta da yara na tafi kiwon fulawa, na ce bari ta ga fulawar da idonta.

Muka koma birni na yi wata da watanni ina aune-aune. Amma kafin nan, a makon da muka dawo, na yi abin da kowane ɗan mutunci ke yi in ya dawo daga tafiya. Dama na sayo zumar dutse kwalba biyu a hanya. Na kai wa Oga ɗaya, ya nuna min kan tebur da haɓa ko kallonta bai yi ba. Na hau sama da ɗayar.

Dattijo ya yi murna ƙwarai. Ya buɗe ya ɗanɗana da ɗan cokalin shayi, ya ce rabonsa da wannan zuma tun ƙafafunsa na da ƙarfi. Ya tambaye ni hanya, na ba shi labarin mota da matsattsaku, yana ta dariya har da tari. Sannan ya ce, "Furen fa? Sun fito da kyau bana?"

Na ce, "Baba, ai sai ka gani." Na ciro waya.

Ya daɗe yana kallo. Yana turawa da yatsa a hankali, yana komawa baya. Ya ce, "Duk a gangare ɗaya?" Na ce duk a gangare ɗaya. Ya ce idonsa ba ya gani sosai a ƙaramin gilashi, ko zan tura masa ya duba a kwamfuta? Tsoho ya roƙe ka hoton fure, ka ce masa a'a? Na tura.

Da sanyi ya shigo aka yi babban taron cibiyar, har da baƙi daga wasu jami'o'i. Oga ya hau ya gabatar da sabon jinsinsa da majigi, duk da alƙaluman da na yi wata da watanni ina tarawa. Ina zaune a baya raina fari tas, don na san in wannan ya wuce, digirina ya kama hanya. Aka tafa. Sai Dattijo ya ɗaga sanda, ya miƙe da kyar, ya ce a yi masa haƙuri yana da 'yan hotuna. Hoton farko na fitowa a bango na gane nawa ne. Har takalmina ya fito a gefe.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ja, lemo, rawaya, mai ɗigo. Ya ce, "Wannan shi ne gangaren da aka yi mana bayani yanzu. Mai magana ya manta bai nuna mana sauran ba." Wani ya tambaya daga ina hotunan suka fito. Dattijo ya juyo ya nemo ni da ido, ya nuna ni da sandar. "Ɗalibinsa ne ya kawo min, wancan ɗan Afirkan. Yaro mai ladabi, duk mako yana wurina."

Ɗakin gaba ɗaya ya juyo. Oga kuwa murmushi ya yi, wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya tattara takardunsa ya sauka.

Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni. Washegari na kara katina na shiga a ƙofar ɗakin bincike, ta ƙi buɗewa. Ta gilashi ina hango samfuran da na ɗauko a gadon bayana an mayar da su teburin ɗalibin nan mai yi min dariya. In na gaida mutane a matakala sai su duba agogo. Na yi ta zarya ofishin Oga ana cewa ba ya nan, alhali ina jin muryarsa. Ranar da na rutsa shi a baranda, na durƙusa har ƙasa kamar yadda zan yi wa Baba.

"Farfesa, ka yi min rai. Wallahi ban san zai yi haka ba. Gaisuwa kawai nake zuwa."

"Tashi," ya ce. "Kana so ka kunyata ni karo na biyu?"

"Na bar aikina, na bar iyalina..."

"Kana da malami a sama. Je ka wurinsa." Ya raɓa ta gefena ya wuce.

Ba a yi mako ba aka sanar da ni Oga ya janye daga kula da aikina, kuma ɗalibin da ba shi da malami ba shi da gurbi, wanda ba shi da gurbi ba shi da biza. Aka ba ni ɗan lokaci in samo wani. Na bi ofisoshi kaf, kowa yana da uzuri. Sai na ce to ai ina da kaka. Na hau sama da ƙwarin gwiwata.

Ya karɓe ni kamar kullum, ya zuba shayi. Kwalbar zumata na nan kan taga, saura kaɗan. Na zayyana masa komai, na ce ya ɗauke ni in ƙarasa a hannunsa, tunda abin da na gani a dutse ma shi ya gaskata.

Ya hura shayinsa. "Ba zan iya ba."

"Don me, Baba?"

"A wurinmu ɗalibi malami ɗaya gare shi. Wanda ya fitar da abin ɗakin malaminsa ya kai wani ɗaki, ba mai ɗaukarsa. Gobe ni zai yi wa."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce, "Kai fa ka roƙe ni hotunan! In ka san haka abin yake a wurinku, me ya sa ba ka kore ni tun ranar farko ba?"

Ya dube ni ba kunya ba fushi, ya dafa gwiwarsa. "Ƙafafuna sun daina hawa dutse," ya ce, "ina kuma bukatar in san abin da ke kwarin nan. Sha shayinka kada ya huce."

Ban sha ba. Amma ka ji halin ɗan Hausa, sai da na ce masa a tashi lafiya kafin na ja ƙofar.

Lili ce ta kwaso min 'yan komatsaina daga ɗakin binciken a kwali, buta da darduma da kofi, ta kawo min bakin titi inda ba za a gan ta ba. Mai taliya kuwa da na kwatanta mata jirgi da hannu ta ɗauka na gama karatu ne, ta yi ta tafi tana murna, ta cika min leda da busasshen nama. Ban san kalmomin da zan gyara mata ba.

Na sauka tashar Gumel da jaka ɗaya, na hau mashin zuwa gida. An gama girbin gero, hunturu ya kama. Bayan an gama sannu da zuwa mutane sun watse, na samu Baba a zaure na zauna a ƙasa, na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Na sa ran zai ce an zalunce ni. Yana jan carbi ya ce:

"Malaminka ya yi fushi ke nan."

"Baba, ai ya wuce fushi. An kore ni."

"Ka ba shi haƙuri?"

"Har ƙasa na durƙusa."

"Sau ɗaya? Sabi'u, malami ai uba ne. In ya huce zai kira ka ka je ka karɓo abinka. Kana da lambarsa?"

Na ce ina da ita. Ya ce in kira yanzu a gabansa. Hantsi ne a wurinmu, a can yamma ta yi. Na danna, ta shiga. Baba ya yi min alama da hannu in gyara zama, kada in yi wa malami magana a miƙe da ƙafa. Na tanƙwashe, na durƙusa a kan tabarma da waya a kunne.

Aka ɗauka. Muryarsa ce. Na gaishe shi, na faɗi sunana, na ce na iso gida lafiya, mahaifina yana gaishe shi, kuma ina ƙara neman afuwa. Ya bari sai da na kai aya, ya faɗi 'yan kalmomi, ya kashe.

Baba ya matso. "Me ya ce?"

"Ya ce bai san mai wannan sunan ba."

Baba ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa. "To, bai huce ba. Gobe ka sake kira."

Na sake kira washegari, a gabansa, a durƙushe. Lambar ba ta ƙara shiga ba.